Shayin Arak

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Mun iso Gardaya da azahar. Mota lafiya, taya ɗaya ce kawai ta ba mu aiki bayan Maniya, Tayyib ya canja ta ban ko sauko ba. Shekara goma ya yi yana faci kafin ya zo koyon tuƙin tirela a hannuna, don haka a kan taya ba ni da abin koya masa. Muna wanke hannu a gareji ya ce, "Ammi Bu'alam, ina da magana." Ammi, wato Baffa, haka ake kiran babba a nan. Na ce maganar da ta yi haƙuri tun daga Tamanrasat ai za ta kai gobe. Bai yi dariya ba.

Kamfanin nan mai fararen motoci, masu kai kaya rijiyoyin mai a Hassi Mas'ud, su ne suka kira shi. Suna ɗaukar direbobi, za su rufe ranar Lahadi uku ga Nuwamba. Wanda ya je da takardar kammala koyo, mota za su damƙa masa. Wanda ya je babu ita, sai ya koma kujerar dama ya sake wata shida daga farko. Takardar kuwa Si Lahadar mai motocinmu ne ke sa mata hannu, shi kuma ba ya ɗaga alƙalami sai na ce mutum ya nuna.

"To, Ammi, in tafi haka, ko in jira?"

Na ce masa ba a barin maigida ana tsakiyar koyo. Da ƙarfi na faɗa, har mai wankin mota ya waiwayo.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Kuskurena ne da na gaya wa Mubaraka. Tana murza kuskus, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Wata shida kuka ce da farko. Yanzu wata nawa?"

Na ce goma.

"Ni biyar na haifa maka, tsoho, ko ɗaya bai yi wata goma a ciki ba."

Na ce tuƙi ba haihuwa ba ne. Ta ce haka ne, haihuwa tana da ranar ƙarewa. Sai ta tambaye ni ko na koma wurin likitan nan. Na ce na koma. Me ya ce? Na ce ya ce abin da likitoci ke cewa. Takardarsa tana cikin aljihun mota, ƙarƙashin lasin, kuma can za ta zauna.

Litinin, bayan Magariba

Yaran yanzu takarda suke nema. Mu a zamaninmu shayi ne.

Ammi Bilkasim, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini. Tsohuwar motarsa mai dogon hanci, wadda in ta hau tudu sai ka sauka ka bi ta a ƙafa da dutse a hannu. Duk inda aka tsaya ni ke hura gawayi, ni ke dafa shayi, ni ke wanke kofuna, haka dokar kujerar dama take. Ido kuma yana kan madubin dama, kowace lanƙwasa ka ce "dama lafiya", ko da babu komai a damar sai dutse da Allah ya ajiye tun farkon duniya. Ana barinka ka tuƙa a miƙaƙƙiyar hanya, amma kwazazzabon Arak na maigida ne. Ranar da ya ba ka Arak da cikakken lodi, ka fito da ita lafiya, to akwai wata farar ƙaya a bakin fita. Nan zai sauka, ya hura wuta da kansa, ya dafa maka shayi, kai kana zaune kamar baƙo. Shi ke nan, ka zama direba. Kafin ka kai Tamanrasat labari ya riga ka.

Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin na'ana'ar ranar. Ina da shekara ashirin da uku. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma na sha shayi a ƙasashe huɗu.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Lodi: garin alkama da man girki. Tayyib ya ɗaure tamfol.

Laraba, 9 ga Oktoba, In Salah, bayan Azahar

A rumfar cin abinci muka tarar da Dahman, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Ashe labari ya kai masa.

"Kai, Tayyib, har yanzu kai ne karen motar wannan tsohon? Wallahi sai ka yi furfura kana wanke masa kofi. Tafi abinka, fararen nan har na'urar sanyi gare su."

Wani tsohon direba daga Adrar, ban san sunansa ba, ya ajiye cokali ya ce, "Ya tafi ɗanye? Mu muna da wani da ya gudu daga maigidansa saura sati uku. Yanzu jikoki gare shi, amma in ya shigo rumfa Ɗanye ake ce masa, har matarsa."

Dahman ya ce, "Suna ba ya huda taya, ya Hajji. Ni iyayen gida uku na yi a shekara ɗaya, ga ni nan."

"Shi ya sa kake shiga gangara da giya ta biyar. Kowa ya koya maka rabi, ba wanda ya san wane rabin ne babu."

Aka yi ta dariya, har da ni, na fi kowa ma. Gaskiyar tsohon ce. Wanda ya sauya hannu yana tsakiyar koyo, sabon maigida bai san inda yake da rauni ba, shi ma bai sani ba, sai hanya ta nuna musu su biyun. Na yarda da wannan har zuciyata. Tayyib dai yana ta gutsura gurasa yana tsomawa a miya, bai ɗago ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Arak. Ni na tuƙa. Ƙafata ta san wurin nan fiye da tsakar gidana. "Dama lafiya," in ji Tayyib, sau goma sha bakwai, na ƙirga. Da muka zo farar ƙaya na ga ya gyara zama. Ban rage gudu ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, kan hanyar dawowa, da azahar

Raƙumi ne. Daga dama ya fito.

Tayyib ya yi ihu, "Ammi, birki!" Na taka kafin in san dalili. Da motar ta tsaya sai ga shi a gaban gilashi, yana tauna, yana kallonmu kamar mu muka shigo masa ɗaki. Tsakaninsa da ƙarfen gaba bai kai tsawon hannu ba.

Na yi wa Tayyib faɗa. Na ce ba a yi wa direba ihu a kunne, na gan shi tun daga nesa, ina lissafin tafiyarsa ne. Ya ce, "Yi haƙuri, Ammi." Ya sauka ya zagaya motar yana bubbuga tayoyin da ba abin da ya same su, ya daɗe kafin ya hau.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Si Lahadar ya kira ni ofis. Mutum ne mai kunya, ya girme ni da arziki, na girme shi da shekaru, kullum ba mu san wa zai fara zama ba.

"Si Bu'alam, mutumin naka fa? Ba na son in rasa shi, amma ba na son in tare masa hanya. In ka ce ya nuna, yau zan sa hannu."

Na ce saura masa ja da baya, in wuri ya matse yana rikicewa. Ban rufe baki ba muka ji ƙarar mota. Ta taga muna kallo Tayyib ya shigo da tirela da baya ta ƙaramar ƙofar nan da kowa ke zagi, sau ɗaya, bai ko gyara ba. Si Lahadar ya kalli taga, ya kalli takardun gabansa. Ya ce, "Kai ka san aikinka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan Asuba

Saura kwana goma sha takwas.

Laraba, da yamma

Na sake tuna ranar Ammi Bilkasim. Akwai abin da ban rubuta ba rannan. Da ya ɗaga buta zai zuba, murfin yana ta kaɗawa, ƙar-ƙar-ƙar. Na ɗauka zafi ne ya kama masa yatsu. Ya riƙe hannun da ɗaya hannun, ya zuba, ya ce, "Sha, ɗana, kafin ya huce." Ni kuwa farin ciki ya rufe mini ido, ban tambayi komai ba.

Ban san abin da ya dawo mini da wannan yau ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Shekara talatin da takwas a hanya ɗaya. Na san ta tun ba kwalta, lokacin da ake bin gangunan da aka jera, in ka ɓace sai ka kashe mota ka jira wani ya ɓace ya same ka. Na san inda muke gasa gurasa cikin rairayi, mu kakkaɓe toka mu ci da dabino. Na san rijiyar da ta ƙafe, da rumfar da ta zama gidan mai. Mutanen da muka fara da su, rabi suna maƙabarta, rabi suna ƙofar gida da carbi suna kallon motocin wasu.

In na zauna a ƙofar gida, wa zan zama? Mubaraka ta ce zan zama mijinta, wai ta daɗe tana son ta ga kamanninsa. Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan, ba wanda zai karanta.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Na zuba ruwa a kofi ya zube a tabarma. Mubaraka ta goge, ta sake cika mini kofin.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da azahar

Gajeren lodi zuwa Maniya, mu je mu dawo. A shataletalen fita gari wani mai babur ya ratso, Tayyib ya ce "babur a dama" a hankali, kamar mai karanta allon hanya don kansa. Haka yake yi yanzu. Ba ya ihu. "Jaki a dama, Ammi." "Rami a dama." Wani lokaci har ya haɗa da abin da ba ya bukatar faɗa, wai ga gonar dabino ta yi kyau bana, don kada in ce komai.

In aka ba ni sabon mutum, sai ya yi wata nawa kafin ya iya wannan? Kuma a cikin watannin, raƙumi nawa ne a hanya?

Talata, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Tayyib ya zo gida. Bai taɓa zuwa ba sai da Sallah. Ya kawo kwalin dabino daga gonar surukinsa, ya zauna a bakin tabarma, gwiwa a haɗe, mutum mai shekara talatin da ɗaya da 'ya har ta shiga makaranta.

"Ammi, na yanke shawara. Ba zan tafi ba."

Na ce to.

"Na yi magana da mai ɗakina. Ta yi kuka, don sun ce duk sati biyu mutum yana kwana gida, ga asibiti ga fansho. Amma na ce mata ba zan shiga rumfa a ce mini Ɗanye ba. Za su sake ɗauka wata shekarar, in Allah ya so. In ka ga na nuna, ka faɗa. In wata goma ne kuma, ina nan."

Na ce ya yi tunanin manya. Na ce Ammi Bilkasim da zai yi alfahari da shi. Har na dafa kafaɗarsa.

Da ya fita Mubaraka ta leƙo daga madafa ta ce, "Barka, ka ci." Ta ɗauke kwalin dabinon ta kai wa maƙwabta, duka.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Abin da nake so ke nan. Na samu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Wata biyar ne, ba shida ba.

Duk shekarun nan in ina ba da labari cewa nake na cika wata shida cif a hannun Ammi Bilkasim. Yau na zauna na bi watannin da yatsa. Na hau motarsa bayan Sallar layya, ya ba ni Arak ana sanyi. Wata biyar, har da 'yan kwanaki babu. A lokacin ana neman direbobi a sabon kamfanin siminti, ni ko sani ban yi ba, shi ya ji, shi ya kai sunana.

Kuma bayan wannan tafiyar bai sake zuwa Tamanrasat ba. Ko sau ɗaya. Ya sayar da mai dogon hanci kafin bazara. Ina wucewa in gan shi a ƙofar gida, hannunsa cikin burnus, alkyabbarsa ta ulu, in danna masa ham, ya ɗaga mini kai. Na ɗauka hutu yake yi. Ashe ni ne hannunsa, watanni biyar ni ke riƙe masa duk abin da ke bukatar riƙo, kuma yana sane ya dafa shayin.

Shekara talatin da takwas ina yabon mutumin nan a kowace rumfa, ban taɓa fahimtar abin da ya yi ba. Na yi kuka, a bayan gida, kusa da tankin ruwa, kamar yaro.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je kasuwa na sayi ganyen shayi mai kyau da sukari na dunƙule. Na'ana'a daga tukunyar Mubaraka. Ta gan ni ina tsinka, ta shiga ɗaki ta fito da ƙananan kofuna biyu na aurenmu, ta naɗe su a tsumma ta sa mini a jaka.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Siminti, cikakken lodi. Mota ta yi nauyi yadda ake so.

Litinin, 28 ga Oktoba, Tamanrasat, bayan Magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

A bakin shiga Arak na tsaya, na ja birkin hannu, na sauka na zagaya na buɗe ƙofar dama. Tayyib ya ce, "Taya ce, Ammi?" Na ce, "Matsa." Ya kalle ni. Na ce, "Kurma ne kai? Matsa can, ka bar mini kujerata."

Ya tsallaka ya zauna a sitiyari, ya goge tafin hannu a wando, ya yi bismilla. Lanƙwasa ta farko ta zo, aikin mai kujerar dama ne ya yi magana. Sai da na juya gaba ɗaya, kafaɗa da wuya, kamar kaza tana kallon shaho, kafin madubin ya shigo idona na hagu, don na dama ya daina gani. Na ce, "Dama lafiya." Muryata ta fito wata iri. Shi kuwa ya riga ya duba da kansa, na gani, amma ya ce, "Madalla, Ammi."

Ya sauke giya inda nake saukewa. Bai hau birki ya zauna a kai ba. A matsatsin nan da dutse ke leƙowa ya ba shi haƙƙinsa, ya wuce kamar yana zura zare a allura. Ni da nake neman kuskure ɗaya don in samu abin faɗa, ban samu ba. Ya fi ni, kuma ya daɗe da fina.

A farar ƙaya na ce ya tsaya. Ya miƙa hannu zai ɗauko buhun gawayi, na buge hannun. Na ce, "Zauna, yau kai baƙo ne." Na hura wuta da kaina, gwiwoyina suna ƙara, hayaƙi ya shiga mini ido, dama ina neman abin da zan ɗora wa laifi. Da ya dahu na ɗaga buta sama yadda ake yi don ya yi kumfa, na zuba.

Na ji shayin yana sauka a rairayi, ba a kofi ba.

Kafin in gyara, Tayyib ya sa yatsa ɗaya ya turo kofin ƙarƙashin ruwan, idonsa yana can kan duwatsu kamar ba shi ya yi ba. Kofi ya cika, kumfa ta tashi.

Na ajiye buta. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun azumi, Ammi. Ranar da mai gidan man In Salah ya miƙo maka hannu ta dama, ka bar shi tsaye."

Azumi. Kafin in ƙara masa wata biyu na farko ke nan, kafin na biyu.

"Ka sani, ka zauna? Ka bar aikin fararen motoci?"

"To wa zai faɗa maka dama?" Ya juya kofin a hannu. "Kuma kai ka ce ba a barin maigida ana tsakiya."

Na ce koyonka ya ƙare tun watan shida, ni ne ban ƙare ba. Na ce ka yafe mini wata huɗu. Ya ce, "Haba, Ammi," ya kasa ƙarasawa. Na ce, "Sha, ɗana, kafin ya huce."

Daga inda waya ta fara kamawa na kira Si Lahadar na ce ya sa hannu. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce ya nemi direba kuma, akwai wata takarda a aljihun mota da zan kawo masa tare da makulli. Ya ce, "Allah ya saka maka, Si Bu'alam." Bai tambayi ko takardar mece ce ba. Da alama a duk hanyar nan ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa ya sani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Shi ya tuƙo mu har gida, kwana uku. Na kalli hanya ta tagar dama, yadda na fara ganinta. A In Salah Dahman ya taso da baki a buɗe, Tayyib ya ce masa, "Kira ni direba, ko ka yi shiru." Rumfa ta ɗauki tafi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ya kira daga Hassi Mas'ud. Sun ba shi mota. Ya ce sanyin cikinta har ya yi yawa, kuma babu inda mutum zai ajiye gawayi.

Mubaraka ta ce tunda yanzu tana da miji, ya zo ya riƙe mata kwando. Muka fita. A bakin babban titi na tsaya, motoci suna ta wucewa, na fara juya wuya. Sai na ji ta bar hagu inda ta saba tafiya, ta zagayo ta bayana, ta kama hannun rigata.

"Dama lafiya, tsoho," in ji ta. "Tsallaka."